Warin banɗakin cikin ɗaki ya hana mu sakat, ina mafita?

Baban Walida: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawarar waɗanda suka san harkar gini nake nema. Bara da na sayar da riɗi na gina wa iyalina ciki da falo, aka fitar da banɗaki a cikin uwar ɗakin irin yadda ake yi a birni. An sa tangaran na tsuguno, an sa tayil zuwa rabin bango, aka haƙa sokawe a bayan ɗakin. Da farko lafiya lau. Tun da zafin bazara ya kama kuwa, wari ya hana mu sakat. Ba zarni ba ne, wani ɗoyi ne kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Da rana da sauƙi, amma da an rufe ƙofa an kwanta sai ya cika ɗakin, har kayan sawa sun ɗauka. Maiɗakina ba ƙazama ba ce, kullum cikin wanke wurin take, turaren wuta kuwa ba a magana. Yanzu ta kai ba ta son baƙi su wuce falo. Banɗakin ba shi da taga, sai wani ɗan gurbi da magini ya bari can sama kusa da silin. Gidan yana ƙauyenmu ta wajen Jahun. Don Allah me ya kamata in yi?

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam. Allah sarki, na tausaya wa baiwar Allah, don ita za a riƙa yi wa kallon ƙazama ko da laifin ginin ne. Ta gwada zuba Izal da dare kafin a kwanta, ta kuma riƙa jawo ƙofar banɗakin.

Sabo Direba: Baƙin mai kawai, yallaɓai. Je wurin masu gyaran babur ka karɓo galan guda ka tuttula a ramin. Wari da tsutsa da kyankyaso duk su zama labari.

Alhaji Sule Mai Taki: Ni fa tun farko ban ga dalilin wannan sabon salo ba. Iyayenmu a ƙarshen gida suke haƙa masai, can bayan turken dabbobi, a kewaye shi da katanga ko zana, sama a buɗe, rana ta doke shi, iska ta kaɗa shi. Wa ya taɓa jin an ce masai ya hana mutum barci? Yanzu duk yaron da zai yi aure sai dangin amarya sun tambaya ko akwai banɗaki a ciki, a garin da ruwan sha ma sai an bi layi a tuƙa-tuƙa. Yaro, ka toshe shi ka mayar da shi sito, ka huta.

Habu Fulamba: Alhaji, Allah ya ƙara girma, a dakata da toshewar tukuna. Baban Walida, kafin a kashe ko sisi amsa mini waɗannan. In ka haska tocila cikin tangaran ɗin, kana ganin ruwa a kwance a ƙasansa ko kuwa rami ne baƙi ƙirin? Ramin da ruwan wanka yake bi, shi ma sokawen yake zuwa ko kwata daban aka yi masa? Sannan ka zagaya baya ka duba, akwai wani fayif da ya tashi tsaye daga kan sokawen ko daga jikin bangon ya yi sama?

Baban Walida: Na duba yanzu, Malam Habu. Tangaran akwai ruwa a kwance. Ruwan wanka a wuri ɗaya suke haɗuwa da na masai, na tuna lokacin da ake haɗawa. Fayif a tsaye kuwa babu, an dai zuba dakali an shafe saman sokawen ruf.

Habu Fulamba: To ai ka gama faɗin ciwon da bakinka. Bari in yi bayani a tsanake, don na san da yawa a nan suna fama da irin wannan suna shiru.

Duk ramin da ƙazanta ke taruwa a ciki tana ruɓewa, dole ya fitar da iska. Wannan ba alamar lalacewa ba ce, aikinsa ke nan. Da zafi abin ya fi yawa, shi ya sa ba ka ji ba sai bazara. Iskar nan sai ta fita ko ta halin ƙaƙa. An shafe saman ramin da siminti, ba a bar mata hanya ba, to ina za ta bi? Ta fayif ɗin da ya shigo ɗakinka. Ta tangaran ba za ta iya ba, domin a ƙarƙashinsa akwai lanƙwasa wadda ruwa ke kwanciya a ciki, ruwan nan da ka gani da tocila shi ne ya tare ta. Amma ramin ruwan wanka, yawancin masu aiki a ƙauyukanmu gwiwa kawai suke sa masa su miƙa shi cikin babban fayif, su ɗora ƴar faranti mai huji a kai. Ke nan tsakanin gadonka da cikin sokawe babu abin da ya raba sai wannan farantin. Da dare kuma ɗaki ya sha zafin kwano, waje ya fara sanyi, ƙofofi a rufe, iskar ɗakin mai ɗumi tana yin sama tana jawo ta cikin fayif ɗin.

Kar ka yarda da ni haka kawai, gwada. Yau da dare bayan kowa ya gama wanka, sami leda mai kauri wadda ba ta yoyo, ka zuba mata ruwa rabi, ka ƙulle bakinta, ka ɗora ta a kan ramin ruwan wankan. Nauyin ruwan zai sa ta baje ta rufe kowane huji. Ka kwana, da safe ka ba mu labari.

Baba Duba-gari: Habu ya yi magana ta masana. Ni kuma maganar Sabo ce ta sa na kasa wucewa. Ɗana, don girman Allah ka daina ba mutane wannan shawara. Baƙin mai yana danne wari na ɗan lokaci, gaskiya ne, amma ba ya ruɓewa. Yana bin ƙasa, ƙasarmu kuwa rairayi ce, a yankin Haɗeja da Auyo da Miga ba ka haƙa da nisa za ka tarar da ruwa. Abin da ka zuba a masai yau, wata rana a rijiyar maƙwabcinka za a ɗebo shi. Bayan haka yana kashe ƙananan halittun da ke narkar da ƙazantar, ramin ya daina lotsawa, ya cika da wuri. Masu zuba fetur ko kananzir kuma sun fi ba ni tsoro, don ramin da kansa yana tara iska mai kamawa da wuta, sai wani ya shigo da sigari ko ashana.

Izal ɗin ma da Maman Sadiq ta ambata, na goge ƙasa da bango ne, kaɗan a cikin ruwa. Ba a kwarara shi cikin rami kullum.

Sabo Direba: Baba, mu dai mun tashi mun ga ana yi, kuma ban ga wanda ya mutu ba. Talaka da ba shi da kuɗin fayif fa, ya zauna cikin wari?

Baba Duba-gari: Toka. Kowane gida akwai murhu. A ajiye tsohon kwano cike da toka a kusurwa, duk wanda ya gama ya watsa tafi ɗaya a ramin. Tana busar da saman ƙazantar, tana rage wari da ƙuda, ba ta taɓa rijiyar kowa. Amma wannan na masai na gargajiya ne fa. Mai tangaran kar ya zuba toka, fayif ɗinsa zai toshe.

Hajiya Yalwa: Alhaji Sule, da girmanka, amma ban yarda da maganarka ba. Ku maza kuna fita masallaci, kuna fita kasuwa, ba ku san wahalar masai na ƙarshen gida ba. Tambayi mai tsohon ciki da take tashi fitsari cikin dare, ana ruwa, tsakar gida duk taɓo. Tambayi maijego. Mahaifiyata ƙafa ta hana ta tafiya, kafin a yi mata banɗaki a ɗaki sai ta ƙi shan ruwa tun la'asar don kar ta tashi kowa ya riƙa ta. Ina dalili tsohuwa ta kwana da ƙishirwa a watan zafi? Ga kunama, ga maciji a damina. Banɗakin ciki rahama ne, a dai gina shi yadda ya kamata.

Alhaji Sule Mai Taki: Hajiya, tsofaffi da marasa lafiya ban musa ba. Amma ruwan fa? Shi wannan tangaran da ruwa yake aiki. Ranar da tuƙa-tuƙa ya lalace, ko ɗan garuwa bai zo ba, me za a kora da shi? Na shiga gidaje na gani da idona, an sa na zama irin na otal, tankin bayansa bai taɓa ganin ruwa ba tun da aka kafa shi.

Habu Fulamba: Nan kam Alhaji ya fi ni gaskiya, kuma kullum ina faɗa wa masu kirana aiki. Na zama mai tanki yana cin kamar lita 6 zuwa 9 a kora ɗaya. Gidan da ke da yara, jarka nawa ke nan a yini? In ba ka da bohol da tankin sama, kar ka sa shi don ado. Na tsuguno da ake korawa da hannu, lita 2 ko 3 sun isa. Akwai kuma wani na roba da ake kira SATO, da ƴar murfi a ƙasa wadda nauyin ruwa ke buɗewa ta koma ta rufe da kanta, buta guda ta ishe shi. Shi a kan masai na gargajiya ma ana ɗora shi. Sannan wanda yake da ɗakin baƙi ko ɗakin da ba a kwana kullum ya sani: ruwan da ke cikin lanƙwasar nan yana ƙafewa, musamman da hunturu da bazara. Da ya ƙafe hanya ta buɗe. Ko ba a shiga, a riƙa zuba masa buta ɗaya lokaci-lokaci.

Idi Birkila: Na ga an fara ɗora wa magina laifi, to bari in kare kanmu. Sau da yawa za ka ce wa mai gida a fitar da taga a banɗaki, ya ce a'a, ba ya son a leƙa masa iyali. Ka ce a sa fayif na iska, ya ce kuɗi sun ƙare, ai a sa tayil tukuna don shi ake gani. Ba da Baban Walida nake ba, yadda abin yake nake faɗa. Maganar leƙe kuma tana da magani. A sa bulo mai huji layi biyu can sama, inda ko dogon mutum ba zai hango ba, a bi shi da raga saboda sauro. In banɗakin a kusurwa yake, yana da bango biyu da suka kalli waje, a huda duka biyun, iska ta shiga nan ta fita can ba tare da ta nemi hanyar ɗaki ba. Don in huda ɗaya ce kuma ta kalli inda iska ke bugowa, warin cikin ɗaki za ta tura maka. Iskarmu kuma ba ɓangare ɗaya take zuwa ba: da hunturu daga arewa maso gabas, da damina daga kudu maso yamma.

Malam Nura: Tun da ana maganar yadda za a tsara, a kula da alƙibla. Hadisi ya hana fuskantarta ko juya mata baya yayin biyan buƙata. Malamanmu na Malikiyya sun sauƙaƙa idan a cikin gini ne, amma wanda bai riga ya kafa tangaran ba, me zai hana ya fita daga saɓani? Mu nan alƙibla gabas take, sai a kafa shi yana kallon kudu ko arewa.

Baban Walida: Jama'a barkanmu da safiya. Malam Habu, Allah ya saka da alheri. Na ɗora ledar kamar yadda ka ce. Wallahi jiya mun yi barci. Akwai ɗan saura-saura, amma ba a haɗa ba. Da asuba maiɗakina ta ɗage ledar za ta yi alwala, ta ce hamamin da ya bugo ta sai da ta ja da baya. Na kuma taka kujera na leƙa gurbin nan na sama, ashe bai fi rabin bulo ba, rina ma sun yi gida sun cike shi. Yanzu me zan saya?

Habu Fulamba: Alhamdu lillahi. Aiki biyu ne, kuma kar ka yi ɗaya ka bar ɗaya.

Na ciki: a fasa tayil ɗaya ko biyu a wurin ramin ruwan wanka, a cire gwiwar, a sa mai riƙe ruwa. In ka je shagon kayan famfo a Dutse ko Haɗeja, ko ka aika Ƙofar Ruwa a Kano, ka ce a ba ka magudanar ƙasa mai tarkon ruwa, ka zuba mata ruwa a gaban mai shagon ka ga ya kwanta kafin ka biya. Da so samu ne ma, ruwan wanka a raba shi da na masai, a yi masa ɗan raminsa daban a cika da ɓaraguzan bulo, don ruwan wanka ne ke saurin cika sokawe. Sauran warin da kake ji kuma, duba gindin tangaran inda ya haɗu da siminti, in akwai tsagewa ko da siririya ce a liƙe ta.

Na waje shi ne babba. A huda saman sokawen a kafa fayif inci 4, ya tashi tsaye sak ba lanƙwasa, ya wuce ƙololuwar kwano da kamar rabin mita. Ka ji na ce ya wuce kwano. Abin da nake yawan tararwa, an sa ɗan guntun inci 2 ya tsaya ƙarƙashin indararo, daidai saitin tagar ɗaki, sai ya zama an ɗauko warin an kawo shi bakin taga. Wasu kuma su kifa masa gwangwanin tumatir wai kar ruwan sama ya shiga. Ɗan ruwan da zai shiga ba ya cutar da komai, gwangwanin ne ke kashe aikin. Raga kawai za ka ɗaure a bakinsa, ta alminiyam ko ta roba mai ƙarfi, don ta baƙin ƙarfe iskar ramin tana cinye ta. In akwai darbejiya da ta yi masa rumfa a sassabe reshen, iskar da ke giftawa ta saman fayif ɗin ita ke zuƙo ta ciki.

Maman Sadiq: To mu masu masai na tsakar gida fa, fayif ɗin zai yi mana aiki? Namu da rana tsaka ba ya shiguwa, ƙuda kuwa har kan tuwo.

Baba Duba-gari: Ƴata, ai asalin dabarar ma domin irin naku aka yi ta. Ba daga Turai ta zo ba, a Zimbabuwe aka ƙirƙiro ta a shekarun 1970, a wata cibiyar bincike mai suna Blair, ƙarƙashin wani masani Peter Morgan. Mu da muka yi aikin duba-gari da ita aka horar da mu. A wani gwaji da suka yi na kwana 78 a 1975, sun kama ƙuda 13,953 daga masai marar fayif, mai fayif kuwa 146 kacal.

Yadda abin yake: iska tana shiga ta ƙofa, ta gangara ta bakin masai, ta bi cikin ramin, ta fita ta fayif. Ƙudan waje suna bin wari, warin kuma yanzu yana can sama, sai su taru a bakin fayif, raga ta hana su shiga. Waɗanda aka ƙyanƙyashe a cikin ramin kuma haske suke nema. In ɗakin masan yana da rufi, cikinsa da ɗan duhu, hasken da za su hango shi ne na bakin fayif, sai su yi can, raga ta tare su har su mutu su faɗa. Saboda haka masai mai buɗaɗɗen sama irin wanda Alhaji Sule ya yaba, fayif zai rage masa wari, amma ba zai yi maganin ƙuda sosai ba sai an yi masa rufi. A riƙa duba ragar, in ta yage aiki ya ɓaci. Gizo-gizo ma yana saƙa a ciki, sai a hau a kwarara bokitin ruwa ta sama ya wanke.

Maman Sadiq: Baba, yanzu kun rikita ni. Lokacin da ma'aikatan tsafta suke zagaya gidaje, cewa suka yi kowa ya yi wa masai murfi mai kamawa gam, har suna dubawa. Yanzu kuma ka ce iska ta bakin take shiga.

Baba Duba-gari: Duka biyun daidai ne, kowanne da muhallinsa. Masai marar fayif, a rufe shi gam, in ba haka ba ta bakin wari da ƙuda za su fito. Mai fayif da rufi, ba a toshe bakinsa, don in kin toshe kin yanke wa iskar hanya.

Kuma bari in faɗi abin da ya sa nake zafi a kan maganar nan. A watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili, ƙananan hukumomi 27 gaba ɗaya. Mutane sun sha wahala kafin a kai nan, an haƙa ramuka, ambaliyar shekarar ta rusa wasu, aka sake. Amma masai mai wari ba ya riƙe mutane. Yaro zai leƙa ya ji hamami ya zagaya bayan katanga, magidanci ya ɗauki buta ya nufi gona. Ba wanda zai yi shela, a hankali za a koma gidan jiya. Wanda ya ga yadda kwalara ta yi mana a 2021, Kano da Jigawa suna cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, ba zai ɗauki warin masai ƙaramin abu ba.

Malama Hadiza: Ina aiki a ƙaramin asibiti, akwai abin da nake son mata su ji. Idan wari ya dami mace, sai ta tara duk maganin wanki da ta samu ta haɗa wuri ɗaya wai ya fi ƙarfi. Don Allah kar a haɗa Hypo da Harpic, ko da wani ruwan wanke masai mai asid. Haɗuwarsu tana tayar da iska mai guba wadda ke ƙona ido da maƙogwaro, ta sarƙe numfashi, balle a banɗaki marar taga. A yi amfani da ɗaya, a ɗauraye sosai, ƙofa a buɗe. Kafur ɗin nan farare da ake watsawa a kusurwa kuma, a nesanta shi da jarirai da kayansu, akwai jariran da yake fasa wa jini ya jawo musu ciwon shawara mai tsanani, ga yara masu rarrafe da ke ɗauka su kai baki. Kaskon turare da garwashi ma ba a kwana da shi a ɗaki rufe.

Hajiya Yalwa: Malama, ciwon sanyin da ake cewa tururin masai ke sa wa mata fa? Ni har yau ina hana ƴaƴana tsugunawa da rana tsaka.

Malama Hadiza: Hajiya, tururin ba shi da daɗi, amma ba shi ke kawo ƙaiƙayi da fitar ruwa ba. Wani daga canjin jikin mace ne, wani daga cusa sabulu da haɗe-haɗen matsi, wani kuma tsakanin miji da mata ake ɗauka, shi sai an yi wa su biyun magani tare. Ɗora wa masai laifi yana sa mace ta yi ta shan magani ita kaɗai abu yana dawowa. Riƙe fitsari don gudun masai kuwa shi kansa yana jawo ciwon mafitsara. Abin da masai mai ƙazanta ke yaɗawa da gaske gudawa ne da taifot da tsutsar ciki, ta hanyar ƙuda da hannun da ba a wanke da sabulu ba.

Malam Tasi'u: Ni malamin firamare ne, aiki ya kawo ni wani gari ta wajen Gaya, ɗaki nake haya mai banɗaki a ciki. Matsalata iri ɗaya ce da ta Baban Walida, sai dai mai gidan ya ce ba wanda zai fasa masa tayil ko ya huda masa bango. Ina da ƴar sola. In na sa fankar da ke zuƙe iska za ta wadatar?

Habu Fulamba: Malam, fankar tana taimakawa, akwai ƙanana masu aiki da batirin sola. Amma dole ta hura waje, ta taga ko ta huda. Kar a bari mai haɗawa ya juya ta cikin silin, don sama a haɗe take, warin zai sauka ɗakin maƙwabcinka. A kuma bar ɗan tsaga a ƙasan ƙofa inda sabuwar iska za ta shigo. Sai dai ka sani, in ramin ruwan wankanka ba shi da tarko, fankar daga cikin sokawe za ta riƙa jawo iska, ka ƙara wa kanka. Ka fara da ledar ruwan, ko ka yanko tsohon tiyub na mota ka riƙa rufewa bayan wanka. Fayif na waje kuma ba ya taɓa tayil ɗinsa, a kan sokawe ake kafa shi. Ku haɗu ku ƴan hayan ku same shi tare da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ku ce za ku saya a cire a kuɗin haya.

Idi Birkila: Baban Walida, ranar da za a huda sokawen kar ka bari yaron aiki ya zura kai yana leƙe.

Baba Duba-gari: Madalla da ka tuna, Idi. Wannan a faɗa wa kowa a gida. Iskar nan mai warin ƙwai ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, a ƙasan rami take kwanciya, kuma in ta yi yawa hanci yana daina jin ta, mutum ya ɗauka ta tafi. Waya ta faɗa, ɗan akuya ya faɗa, a ce yaro ya shiga ya ɗauko, ya sume. Yayansa ya bi shi, shi ma ya sume. Haka ake rasa mutum biyu ko uku a rami ɗaya. Ba a shiga, ba a kuma zura fitilar ƙwai ko ashana don gwaji. A buɗe, a matsa gefe, a bar shi ya sha iska. In ya cika a kira masu yasa da suka san aikin.

Malam Nura: Baba, mu ma za mu haƙa wa Islamiyyarmu masai kafin ruwa ya sauka, ɗalibai sun yi yawa. Filin da muke da shi yana bayan azuzuwa, amma rijiyar unguwa tana nan kusa. Za a iya?

Baba Duba-gari: Auna tukuna, Malam. Tsakanin rami da rijiya kar ya gaza mita 30, wato kamar taku 40 na babban mutum, kuma ramin ya kasance ta gangare, ba ta tudun da ruwa ke gangarowa rijiyar ba. Ka tambayi wanda ya haƙa rijiyar gaba nawa ya yi ya tarar da ruwa, da inda ruwan ke kaiwa a watan Agusta, don gindin ramin ya tsaya da kamar mita 2 sama da nan. In rairayi ne a ɗaure bakin ramin da bulo. Na mata daban na maza daban, kowane rami da fayif ɗinsa. Ka taka ka ƙirga, ka ɗauko hoton filin ta ɓangaren rijiyar ka turo mu gani kafin a sa diga.